Yadda Na Bi Rigar Kafaran Har Bakin Teku

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha furata cikin kwanciyar hankali ba. Da na kai ludayi baki sai in ji sallama: "Ya Fanna, barka da hanya, wai da gaske ne teku ba shi da tsallake?" Wata ta fita, wata ta shigo. Har matan garin Kelle da suka zo cin kasuwa sai sun ratso ta gidana. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da jikata Yagana, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, don tun ba a haifi uwarta ba nake ba da labari mutane na manta tuwo a wuta. Duk wanda ya sake zuwa da tambaya a karanta masa.

Maigidana marigayi, Kafaran Ari, wato kofur, ya yi sojan Faransa tun kafin a ɗaura mana aure. Abin da ya dawo da shi daga wurinsu akwatin ƙarfe ne, da ciwon gwiwa, da riga. Shi yana ce mata manto. Doguwa ce har ƙauri, ruwan ƙasa, maɓallai jere biyu, ga ɗamara a ƙugu, ga ƴan kunnuwa a kafaɗa, ga wuya mai faɗi da ake tayarwa ya rufe kunne. Nauyinta ya kai na ɗan akuya. Wai rigar ruwa ce. Rigar ruwa a Gure, inda ruwan sama ke zuwa kamar suruki mai kunya, ya leƙo ya gaida mutane ya gudu!

Amma Kafaran ya samo mata aiki. Ranar da aka yi ruwan shuka, sai ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. In ta isa, ya shiga ɗaki ya saka mantonsa, ya ja ɗamara, ya saɓa sungumi, ya shiga gaba muna binsa da iri a ƙwarya. Da fari unguwa dariya take yi. Daga baya sai ya zama ba mai fita shuka sai ya aiko yaro ya tambaya: "Kafaran ya sa riga?" Da ya rasu, babban ɗanmu Mamman ya ci gaba da sakawa. A gidanmu ba a taɓa jefa ƙwayar hatsi a rami ba rigar tana cikin akwati.

To, Mamman yana da ɗa, Kyari, mijina na wasa, wanda ke sayar da bosho a Kwatano, wato tufafin da Turawa suka gaji da su. Da ƙaramar salla ya zo gida ya tarar na shanya rigar tana shan iska. Na ga idonsa ya canza, kamar na kura a bakin turke, amma ban kawo komai a raina ba. Ranar komawa ya ce, "Amaryata, sanyin cikin kar, babbar motar nan, yana kashe ni, ara mini rigar kishiyata." Kakansa yake kira kishiya, ɗan nema. Na yi dariya na ba shi.

Salla ta wuce, bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, riga ba ta dawo ba. Ran nan Yagana ta zo da waya a hannu jikinta a sanyaye, ta ce, "Kaka, duba." Na duba. Rigar Kafaran ce, an saka wa wani gunki marar kai, an tayar masa da wuyan da ba shi da shi. Ƙarƙashi an yi rubutu da Faransanci. Ta karanta mini: wai rigar jarumin soja, mai ɓular harsashi a ƙirji, kuma an riga an yi wa wani alkawarinta.

Mamman ya ce zai buga wa Kyari waya. Na ce waya ba ta da hannun jan kunne. Na ɗaure kayana.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Maƙwabciyata Hajiya Dija, Bafillata ce mai fataucin atamfa, hanyar Kwatano ta san ta kamar hanyar rijiya. Kun san tsakaninmu Barebari da Fulani, ba a gaisawa sai da tsiya. Tun a tasha ta fara: "Baiwata, riƙe mini jaka, yau za ki ga duniyar da ta wuce kwarin kanwa." Na ce, "Allah ya kai mu, in ga yadda ƴar daji ke zama a kujera."

Kar ɗin nan, jama'a, ba mota ba ce, randa ce mai taya. Waje rana na ƙona dutse, ciki sanyi na shiga ƙashi. Nan na gane Kyari bai yi ƙarya duka ba. Ga talabijin a sama ana ta kururuwa, ga direba da ba ya tsayawa sai mafitsarar mutum ta fara karatu. Muka wuce Damagaram, muka nufi Maradi.

A nan ne fura ta ci amanata. Na dama ta tun gida na zuba a ɗan bido, ƴar jarkar roba, na tura ƙarƙashin kujera, ashe wurin da zafin inji ke fitowa ne. Da yunwa ta taso na jawo shi, na ga ya kumbura kamar cikin jaki, na murɗa marfi. Ji kake fuuu! Rabi ya tafi rufin mota, rabi ya sauka a kan wani mushe, wato ɗan boko, mai baƙar kwat da ke gabana, wanda tun Damagaram yake magana a waya da Faransanci don mu san ya iya. Ya miƙe fura na bin kunnensa, ya buɗe baki, sai ga Hausa ta fito tsantsa, irin ta ƙauye ma. Na ce, "Yi haƙuri ɗana, amma alhamdu lillahi, harshenka ya dawo." Dija ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

Konni, Doso, Gaya. Kowace tasha an taso maka da abin sayarwa ta taga kamar ana jifan biri. Ina kallo ƙasa tana canza launi, rairayi ya ƙare, itatuwa suka fara cunkushewa har na ji numfashina na ƙuntata. Mutum ba ya hango mai zuwa daga nesa, ta yaya zai san ko ya ɓoye tuwonsa?

A Gaya aka ce gada a rufe take, kowa ta jirgin ruwa yake ƙetarewa. Kafin nan wani ma'aikaci ya karɓi katina ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce, "Ranar da aka ɗauke shi haƙorina ke ciwo. Kana so in kumbura maka kumatu ka gwada?" Ya miƙo mini ya ce in wuce.

Ni fa ruwan da ya fi zurfi da na sani shi ne na rijiyar kwarinmu. Sai ga kogi, faɗinsa kamar daga gidana zuwa kasuwar dabbobi, kuma wai a kan katako za a bi. Aka loda mu tare da buhunan albasa da babur da wani rago mai hankali fiye da mu, don shi ya ƙi shiga sai da aka ɗauke shi. Na karanta duk abin da na sani, na koma farko. Dija ta ce, "Baiwata, buɗe ido, ko ke ce sarauniyar Gure ruwa bai san ki ba." Ban tanka mata ba sai da ƙafata ta taɓa ƙasa. Nan na ce, "Da kin faɗa da ba ki nutse ba, busasshen kara ba ya nutsewa."

Can tsallake wata duniya ce. Mata ke tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a kai, ba mai ko waiwayarsu. A Paraku muka ci sakwara da wani cuku ja mai laushi da suke kira wagashi. Dija na ta alfahari wai aikin danginta ne. Na ce namu cukun sai ka jiƙa shi ka roƙe shi kafin ya yarda da haƙori, wannan kuwa ba shi da mutunci, tun kafin ka tauna ya sallama. Amma na ƙara, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ruwa. Daga Paraku har Kwatano sama ba ta rufe baki ba. Kuma ba wanda ya ce alhamdu lillahi. Ba yaro da ya fito tsalle, ba mace da ta tara ko tasa. Tsaki ma suke yi. Na ga ruwan da zai ciyar da garuruwan Gamu da Kelle yana bin kwata yana tafiya da leda. Ina kallo ina tunanin ko can gida ma ya sauka, ana nan ana tambayar Mamman riga, shi kuwa yana sunkuyar da kai.

Muka sauka a unguwar Zango, gidan wani Alhaji mutumin Dogondutsi inda Dija ta saba sauka. Ɗaki kamar cikin tulu. Bango na gumi, gishiri na narkewa a kwano, ka shanya zane da safe ka ɗauke shi da yamma ya fi jiƙewa. Matar gidan mai kirki ce, ta kawo mini tuwon masara mai tsami da miyar yauƙi. Na sa hannu sai na ji abu mai ƙafafu. Na ɗago shi, ga shi da ido biyu a kan tsinke yana kallona. Wai ƙaguwa. Na ce, "Ƴata, a garinmu in mun ga irin wannan a ɗaki takalmi muke ɗauka." Na ci tuwona da busasshen yajin da na zo da shi.

Teku kuwa da kuke ta tambaya, na gan shi. Ruwa ne mai yawa da ba a sha, ba a ba dabba, ba a ban ruwa da shi. Sai hauka da kumfa. Ban daɗe ba.

Da safe Dija ta kai ni kasuwar bosho. Ana yanka igiyar dilar kaya mutane su faɗa mata kamar angulaye, wannan ya ja hannun riga, wancan ya ja wuya. Can ciki muka sami butik ɗin Kyari, wato shagonsa. Ya gan ni ya daskare.

"Amarya! Ke da wa? Me ya faru a gida?"

"Biko na zo, maigida. Ka tafi da kayan ɗakina."

Ya shimfiɗa mini tabarma, ya aika a kawo lemo, ya shiga zuba don ya ɗauke mini hankali. Ya nuna mini kayansa ɗaya bayan ɗaya. Ga gajeriya baƙa mai kauri, wai ta sojan ruwa. Ga ta fata mai gashin tunkiya a wuya, wai ta matuƙa jirgin sama. Ga koriya mai aljihu huɗu, wai ta sojan Amirka. Ga rigar ruwa ta Ingila mai zanen dara a ciki. Duk sun koɗe, duk suna warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce, "Masu su fa?" Ya ce sun mutu. Na ce, "To ai maƙabarta kake tsaro."

Ya ce ban gane ba. Wai yanzu sabuwar riga ta talaka ce. Mai hali tsohuwa yake nema, in ta koɗe ta fi daraja, in da yaguwa ta fi, in da tabon da ba a san asalinsa ba to an gama. Muna cikin haka wasu samari suka shigo, kowa ya saɓa rigar sojan ƙasar ƙanƙara a zafin Kwatano, gumi na tsiyaya har gwiwa, suna ɗaukar juna hoto suna ɓata fuska kamar an ce su tafi yaƙi. Da an saki zakara a wurin da sun watse.

Na ce, "Ya isa. Ina rigar Kafaran?"

Ya buɗe wani labule. Ga ta nan a jikin gunkin. Na matsa na sa hannu, sai warin funfuna ya buge ni. Rigar da ta shekara da shekaru a akwatina ko kyankyaso bai taɓa kusantarta ba.

"Cire ta. Ruwan shuka ba ya jiran kowa."

Ya durƙusa. Ya ce wani Bature ne mai tara irin waɗannan riguna ya gani a waya, ya taso musamman. Ya ce sun tafa hannu a gaban sarkin ƴan bosho da dattawan layi, gobe da la'asar zai zo ɗauka. In ya janye, a kasuwar nan ba mai sake yarda da maganarsa, sai dai ya naɗe tabarmarsa.

Na ce, "Ka yi alkawari da abin da ba naka ba."

Ya ce, "Na sani, Kaka."

Da ya kira ni Kaka ba amarya ba, na san abin ya kai inda ya kai. Na zauna. Kafaran mutum ne da in ya ce gobe, ko da gawarsa za a kai. In na ƙwace riga, na mai da jikansa maƙaryaci a garin mutane. In na bar ta, Mamman zai fita gona kamar kowa. Na auna, na auna, na ga yaro mai rai ya fi riga. Na ce, "Ka ba shi. Allah ya isa ban ce ba, amma kada ka sake kirana amarya."

Sannan na nuna ɓular ƙirji. "Wannan kuma wane harsashi ne?"

Ya sosa ƙeya.

"Gawayin shayi ne, ɗan banza. Ya yi gyangyaɗi a bakin murhu. Aljihun nan kuma akuyata Ja ce ta ci, don ya bar dabino a ciki. Kakanka raƙuman soja ya yi kiwo, ko zomo bai taɓa harbi ba."

"Don Allah Kaka, kada ki faɗa gaban Bature."

Da yamma ya kawo rigar masaukinmu don ta kwana kusa da ni, ya ce da sassafe zai tafi bakin jirgi karɓar kaya, sai la'asar mu haɗu a butik. Na shimfiɗa ta na dube ta da kyau. Wuya ya yi baƙi da gumin shuka. Maɓallai wasu na asali masu tsatsa, wasu ni na ɗinka na aro daga wata riga. Gindi ya zare. Ga ɓula, ga aljihu a yage, ga funfuna. A gida ba komai, kowa ya san mu. Amma a ce za a kai ta ƙasar Faransa haka, a rataye, mutane su zo su kalla, su ce matar mai rigar nan ƙazama ce? Ni Fanna, da ko tsintsiya ba na ara wa maƙwabta sai na wanke ta? Mu ko ƙwarya za mu mayar wa mai ita ba ma mayar da ita da ƙanzo.

Gari na wayewa na ta da Dija. Na jiƙa rigar da kanwar kwarinmu, na cuɗe ta da sabulu, ruwa ya fita baƙi, na sake, na sake, har ta yi haske kamar bayan barewa. Rana babu, sai muka kai wa mai guga ya busar da ita da dutsen gawayi, ya sa sitaci ta tsaya da ƙafarta. Daga nan muka wuce wurin wani tela mutumin Tawa. Ya juya ta, ya dube ni.

"Iya, kin tabbata? Irin waɗannan fa a nan ba a taɓa su."

"Kai a garinku ana ba baƙo riga da ɓula?"

Ya zare allura. Ya toshe ɓula, ya maida aljihu, ya datse gindin da ya zare ya kalmashe. Na sa ya cire maɓallan nan duka ya jera sababbi masu ruwan zinariya, iri ɗaya, suna ƙyalli. Akwai wani ɗan ƙyalle mai koɗaɗɗen rubutu a cikin wuya da kullum Kafaran ke cewa yana sosa masa ƙeya, na ce a tsinke shi. Da na ga facin ƙirji ya fito fili, na ce a rufe shi da aiki. Tela ya zuba mata koren zare tun daga wuya har aljihu, irin na babbar riga. Dija da ba ta yabon kowa ta ce, "Baiwata, yau kin yi abin kai."

Saura turare. Ba Babarbariyar da za ta yi tafiya ba turaren wuta a jakarta. Kabbasa, kwandon da muke turara kaya a kai, babu ita a gidan, sai na wanke kwandon kaji na kife a kan kasko, na lulluɓa riga. Hayaƙi ya shiga kowane zare. Har matan layin suka leƙo suna tambaya wa ke aure.

La'asar na naɗe ta a sabon zane muka tafi. Bature ya riga mu zuwa. Na zaci zan ga babban mutum. Sai ga wani siriri da gemun bunsuru, wandonsa a yage a gwiwa biyu, takalminsa kamar an tono daga juji. Na raɗa wa Dija ko mu ba shi sadaka. Ta ce in rufa wa kaina asiri, da gangan ya saye shi haka. Sarkin ƴan bosho da dattawa biyu na zaune. Bature ya zaro farar safar hannu ya saka, wai don kada ya ɓata riga. Na ce a raina, to ai ga mai tsabta ya samu ƴar uwa.

Na kwance zane na ɗaga ta.

Kyari ya ce, "Innalillahi." Ya zauna a ƙasa.

Bature ya buɗe baki bai rufe ba. Ya taɓa maɓalli ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya juya wuya yana neman ɗan ƙyallen nan. Ya nemi ɓula ya tarar da koren zare. Turare ya shige masa hanci ya yi atishawa har uku. Sannan ya fara magana da sauri, fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

"Me yake cewa?"

"Yana... yana yaba aikin," in ji Kyari.

Dija ta ce, "Ƙarya yake. Faransancin kasuwa na iya. Cewa ya yi kin kashe tarihi."

Na gyara zama. Na ce, "Dija, ke ki faɗa masa, kada ki rage. Tambaye shi sunan mai rigar."

Ta tambaya. Bature ya dubi Kyari, ya dubi rufi. Ya san shekarar da aka ɗinka ta, ya san garin da aka saƙa yadin, ya san sunan ƙarfen ɗamara. Sunan mutumin da ya saka ta bai taɓa tambaya ba.

"Ce masa Ari sunansa. Ce masa danginsa ne suka ɗauke shi da gwiwa lafiya suka dawo da shi yana ɗingishi, suka ba shi wannan suka ce ya je. Ce masa ɓular da yake kuka a kai gawayin shayi ne. Tarihin da yake nema ga shi zaune a gabansa da haƙora shida, tun da ya shigo bai ko gaishe shi ba."

Dija ta juya masa, ina jin ta ƙara da nata. Dattawa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Bature ya cire safar hannu, ya ce shi ba wannan ya yi alkawarin ɗauka ba, ya fasa. Sarkin ƴan bosho ya ce, "Kowa ya ji, shi ya fasa. Yaro ya kawo riga a ranar da ya ce." Har Bature ya kai ƙofa ya juyo, wai ko tsofaffin maɓallan da ɗan ƙyallen suna nan? Na kwance bakin zanena na nuna masa su, ya miƙo hannu, na ƙulle na soke a ƙugu.

Masu tambayata ko da gangan na yi, ku ji da kyau. Wallahi don kada a zagi tsabtata na yi. Amma da na san abin da zai biyo baya, da na sa tela ya yi mata aiki har gadon baya.

Kyari bai yi mini magana ba sai a tasha. Ya loda mini jaka, ya tsaya yana wasa da ƙafa. Na ciro maɓalli ɗaya mai tsatsa na danƙa masa, na ce, "Na kakanka ne. In na gan shi a waya, da kaina zan dawo, kuma ka ga na san hanya." Ya yi dariya ido na ruwa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, amarya." Na bar shi ya faɗa.

A kogi ruwa ya tare mu tsakiyar jirgi. Kowa ya lulluɓa leda, ni na zaro manto na saka. Sai ran nan ta ga ruwan da aka yi ta dominsa. Ko ɗigo bai taɓa ni ba. Dija ta jiƙe kamar kazar da ta faɗa randa, ta roƙe ni gefe, na ce ta kira ni uwargijiya tukuna. Ta kira.

Bayan Doso aka tsayar da mu ana binciken kaya. Dija ta tsorata, ta ce zamanin nan ba a yawo da kayan soja, za su karɓe. Wani yaron soja ya buɗe jakata ya ga ruwan ƙasa da kunnuwan kafaɗa, fuskarsa ta ɗaure. Ya zaro ta ya warware. Koren aiki ya bayyana, maɓallai suka haska, turare ya tashi. Ya kira abokinsa suka yi ta dariya. Ya ce, "Iya, wannan ta liman ce ko ta ango? Wuce abinki." Na ji zafin maganar, amma na haɗiye, don riga na hannuna.

Na iso Gure na tarar ba a yi ruwa ba, sai yayyafin da bai kashe ƙura ba. Ban gama warware gajiya ba hadari ya haɗo da hantsi, ya zuba har kwari ya yi ƙyalli. Mamman ya tona ƙasa, laima ta wuce tsintsiyar hannu. Ga yaran unguwa a ƙofa: "An ce a tambaya, an sa riga?" Na miƙa masa. Ya warware ya tsaya yana kallo.

"Iya, ni zan fita da wannan? Ina ƙamshi kamar amarya?"

"Ko ka saka, ko in saka in saɓa sungumi, garin nan ya ga uwarka a gaba kai a baya."

Ya saka. Ya fito maɓallai na walƙiya, unguwa ta kwashe da dariya, irin dariyar da aka yi wa ubansa ranar farko, na tuna ta sarai. Suka yi ta yi har ya kai bakin gari. Sannan kowa ya koma gida ya ɗauko sungumi ya bi bayansa.

Hatsi yanzu ya kai gwiwa. Riga na cikin akwati, makulli na wuyana. Yagana, ajiye alƙalami ki miƙo mini ludayina.